Shanuna Bakwai a Kan Kwano

Ni ba 'yar gari ba ce, aure ne ya kawo ni Dutsin-Ma. An haife ni a wata ruga da ke bayan Rawayau, cikin mutanen da Fulatanci ya riga ya zube daga bakinsu, sai 'yan kalmomin kiran shanu da na zagi, amma kiwo bai bar su ba. A gidanmu, ranar suna uba kan shiga garke ya nuna karsana ɗaya ya ce ta jaririn ce, ko mace aka haifa ko namiji, kuma duk abin da karsanar ta haifa na yaron ne. Tawa fara ce mai baƙin kunne. Na yi wayo na same ta ta zama uwa, mai tafiyar ƙasaita, mai ƙin a taɓa mata ƙaho.

Da aka kawo ni gidan Malam, ma'aikacin ƙaramar hukuma mai albashin da ba ya ganin ƙarshen wata, shanuna suka zauna a hannun yayana. Haka ake yi. Mace ba ta jan shanunta zuwa gidan miji, balle gidan cikin gari da ko akuya sai an yi shawara kafin a kafa mata turke. Yaya ke kiwo, matarsa ke tatsa, nonon nasu ne, ni kuma duk damina a aiko mini da man shanu kwalba biyu da labarin wadda ta haihu. Wata ta mutu, wani an sayar lokacin jinyar mahaifiyarmu, amma a shekarar da na cika arba'in akwai kai bakwai da suka fito daga tsatson farar nan. Mu ba ma ƙirga shanu da baki a gaban mutane. Ni dai ina wanke-wanke ina ƙirga su a zuci, kuma duk ranar da Malam ya ɓata mini rai sai na tuna da su in ji na huce.

Cikin bakwan nan akwai wadda ba tawa ba. Satin da babbar ɗiyata ta sauke Alƙur'ani, tana da shekara goma sha uku, muka je ruga kai cincin na walima, muka tarar an haifi wata maraƙa ja jawur, tana tsaye ƙafafunta na rawa. Ranar sunan yarinyar ban ba ta komai ba, don dangin Malam ba su san al'adar ba, ni kuma kunyar 'yar fari ta hana ni buɗe baki. Abin ya daɗe yana cin raina. Sai na kama hannunta na ɗora a gadon bayan maraƙar, na ce a gaban Yaya da matarsa, wannan taki ce, da ita da abin da za ta haifa. Yaya ya ce ya shaida. Ya tsugunna ya ƙulla sabon maɗauri a jikin dangwali, doguwar igiyar nan da ake jera maruƙa a ɗaure kafin a yi tatsa, ya zura wuyan jar a ciki. Yarinyar ta janye hannunta tana gogewa da hijabi, ta ce maraƙar wari take yi. Muka yi ta dariya.

Bayan shekara biyu aka fara kore wa mutane shanu a yankinmu. Wani maƙwabcin Yaya ya wayi gari da turaku kawai. Ranar wata kasuwa sai ga Yaya ya yi sallama, ya zauna kan tabarma a tsakar gida, na dama masa fura ya kasa shanye ta.

“Auta,” ya ce, don haka yake kirana har yau da na fara furfura, “ki rage su. Ni na saba da daji, amma dukiyar wani a hannuna ta hana ni sukuni. Ki maida su abin da ba a kora shi da sanda.”

Maganar ta zo ta tarar da wata a raina. Duk wanda ya yi bazara a Dutsin-Ma ya san yadda ruwan randa ke komawa kamar na wanka, ya kuma san wutar gwamnati, wadda in ta leƙo kafin ka gama murna ta tafi. A wata unguwa akwai matar da ta sa sola, wutar hasken rana, a kan kwanon gidanta tana sayar da ƙanƙara, na taɓa wucewa da azumi na ga layi har bakin titi, har da maza masu hula da agogo suna riƙe da bokiti. Malam kuwa ya daɗe yana zane-zane a bayan takardun ofis, yana cewa da zai sami jari da ya huta da jiran albashi. Jarin yana da shi, a garken matarsa.

Muka je shagon mai sola tare. Saurayi ne mai fara'a, bakinsa kamar an shafa masa mai. Ya ba ni kujera ya kira ni Hajiya, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba.

“Hajiya, rana kyauta ce,” ya ce. “Ba ta yajin aiki, ba a kawo maki takardar biya. Farantan nan kuwa sai jikokinki sun gaje su.”

Ni kuma na yi masa tambayar da na iya, irin wadda ake yi in za a sayi dabba. Na ce, “To me yake ci?”

Ya yi dariya har da tafa hannu. “Rana kawai, Hajiya. Ba dusa, ba harawa, ba kanwa.”

A nan na yi kuskuren, kuma nawa ne ni kaɗai. Na ɗauki abin a matsayin kiwo: ka saya sau ɗaya, Allah ya ba shi makiyaya a sama, kai kuma ka tatsa. Mahaifina bai taɓa sayen saniya bai buɗe bakinta ya duba haƙora ba, ni ɗiyarsa na sayi abin shanu huɗu ban tambayi wane sashe nasa ne ke fara tsufa ba. Saurayin bai yi mini ƙarya ba, farantan har yau lafiyarsu lau. Ya ma ambaci batir, amma cikin sauri, yadda dillali ke ambatar ɗingishi yana nuna maka ƙiba.

Shanu huɗu suka tafi kara, kasuwar dabbobi. Aka zo da tsani aka huda kwanonmu, aka jera farantai shida suna kallon sama, aka ajiye manyan batura a lungun falo, da wani akwati mai fitilu da suka ce sunansa inbata, shi ke juya wutar ta zama irin ta gida. Aka shigo da firiza doguwa fara, sai da aka cire ƙyauren ɗaki kafin ta shiga. Na ƙulla ruwa a leda na jera. Washegari bayan sallar asuba na ɗaga murfin, sanyi ya bugi fuskata, na ɗauki ƙulli ɗaya na ƙwanƙwasa shi a bango ya yi ƙara kamar dutse. Na yi farin ciki a ranar, irin farin cikin da ban yi ba tun haihuwar autana, ba zan ɓoye ba.

Shekarar farko ta yi daɗi. Masu zoɓo da kunun aya suka san ƙofata, masu shago suka san ta, ɗaliban jami'a da ke haya a bayanmu suka riƙa kirana Maman ƙanƙara. Da azumi tun la'asar ake sallama. Malam ya riƙa ƙailula ƙarƙashin fanka yana minshari, ya tashi ya ce wa baƙi ai shi ya kawo shawarar. Yara suka daina jiran ƙarshen wata kafin a saya masu littafi. Yaya ya zo ya tsaya a tsakar gida, ya kare ido da hannu yana kallon kwanon.

“To Auta, abin naki ya haihu?”

“Kullum da safe yake haihuwa, Yaya.”

Ya girgiza kai yana murmushi, ya sha ruwan sanyin da na miƙa masa, ya ce haƙoransa sun amsa.

Abin da ban lura ba shi ne inda kuɗin ke zuwa. Ba wai babu su ba, akwai su, amma a ɓarɓashi suke shigowa, a hannun mai sayen ƙulli biyu da mai sayen uku, kuma a cikin gida suke kwana, inda kowa ke ganinsu. Yau albashin Malam ya yi jinkiri, a ɗebo na cefane. Gobe ƙanwarsa na aurar da ɗiya, a ɗebo na gudummawa. Jibi yaro ya kwanta zazzaɓi. Na sayi asusun ƙasa na fasa, na sake saye na sake fasawa, kuma duk fasawar da dalilinta mai ƙarfi, babu wanda zan zarga. Sai daga baya na gane amfanin da shanuna ke yi mini duk shekarun nan: suna nesa, kuma ba a gutsurar saniya a sayi magi. Wanda zai taɓa ta sai ya hau mota zuwa Kurfi, ya hau babur zuwa ruga, ya kalli idon Yaya ya faɗi dalili.

A shekara ta biyu kwanuka uku a layinmu suka yi farantai. Ban ji haushin kowa ba, ko dai in faɗi gaskiya, na ji, amma na haɗiye, don ni ma kwaikwaya na yi. Ƙanƙara ta yi araha. In wutar gwamnati ta yi kuskuren zama kwana biyu, duk mai firji ya zama ɗan kasuwa. Da damina kuwa hadari ya rufe rana, gari ya yi sanyi, babu mai neman ƙanƙara, ita ma ba ta ƙanƙarewa. Na fahimci cewa cinikin shekara duka yana cikin 'yan makonnin bazara ne da azumi, sauran watannin lallaɓawa ce.

Ana cikin shekara ta uku, wata safiya na ɗaga murfi na sa hannu, ledar ta lotsa. Na taɓa ta biyu, ruwa ne mai sanyi kawai. Kwana uku a jere haka. Inbata ta koyi wani kuka siriri tun kafin magariba, irin na ɗan tsakon da ya ɓata. Na aika aka kira mai sola, wanda zuwa lokacin ya yi ƙiba ya sayi mota. Ya duba da na'urarsa, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

“Hajiya, batura sun gaji. Ai batir shina da kwanakinsa.”

“Kwanaki? Ba ka ce jikokina za su gada ba?”

“Farantai na ce, Hajiya. Farantai.”

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ba ni haushi. Da ƙarya ya yi da na sami wanda zan ci wa mutunci in huce. Ya faɗi kuɗin sababbi, na ga sun yi nisa da inda muka bar su. Na waiwayi Malam, ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba. Wani ɗan bijimi da nake da shi da wata tsohuwar saniya da ta daina haihuwa suka bi 'yan'uwansu kara. Saura ja.

Jar ta girma ta zama saniya mai kyau, amma sai ta riƙa haihuwar maza. Na farko ya kai ɗan bijimi a daminar da tsawa ta faɗa kusa da mu ta ƙone inbata. Na biyu ya tafi ranar da injin firiza ya tsaya. Duka biyun na ɗiyata ne, da bakina na faɗa a gaban shaidu, amma ban tambaye ta ba. Na gaya wa kaina ai ƙanƙarar ce ke biya mata makaranta, don lokacin ta shiga makarantar koyon jinya a Katsina, kuma haka ne. Yaya ya kai su kasuwa bai ce komai ba, sai dai tun daga lokacin bai ƙara tambayata ko abin ya haihu ba.

Sau ɗaya na yi niyyar fita daga harkar gaba ɗaya. Na tambayi mai sola nawa zai sayi kayan in an sauke. Abin da ya faɗa bai wuce kuɗin raguna biyu ba, ya ƙara da cewa yanzu an fito da farantai masu ƙarfi, nawa sun zama tsohon yayi, kuma in an cire su kwanon zai yi yoyo ta ramukan ƙusa sai an canza shi. Shanu shida ke nan da 'ya'yan ja biyu, a mayar mini da raguna biyu da rufi mai yoyo. Ga shi Malam ya yi ritaya, yana ta sintiri a kan haƙƙinsa na fansho, yau a ce takarda ta ɓata, gobe a ce a dawo wata mai zuwa. Tukunyar gidan nan a kan firizar take tsaye. In na tsaya, wuta ba za ta tashi a murhu ba. In na ci gaba, na san abin da zan ciyar da shi.

Bana, saura mako uku azumi, ledar ta sake lotsawa a hannuna.

Wannan karon ban yi faɗa da kowa ba. Mai sola ya nuna mini wani sabon batir da ba a zuba masa ruwa, ya ce shi kam yana daɗewa sosai, masu hali shi suke sakawa su huta. Kuɗinsa ya fi shanu biyu. Irin nawa na da kuwa, mai mutuwa bayan 'yan shekaru, saniya ɗaya mai kyau za ta iya kawo shi, in an yi sa'ar kasuwa. Na yi dariyar da ba ta daɗi ba, na ce wato mai shanu biyu ya saya sau ɗaya, mai ɗaya ya yi ta saye. Ya ce haka abin yake, Hajiya.

Na hau motar Kurfi da sassafe, daga can na hau babur. Yaya ya matso da rugarsa kusa da gari saboda tsaro, garken ya ragu, shi ma ya rame. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma a inuwar bukka, ta kawo kindirmo. Shanun ba su riga sun fita ba. Na hango jar a gefe tana tuƙa, cikinta ya fito ɓul ta gefen dama.

“Wata nawa?” na tambaya.

“Saura kamar ukku ta sauka,” in ji Yaya. Ya kalle ni. “Mi kika zo da shi, Auta?”

Na faɗa masa. Ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa.

“Ki bari ta haihu. Wagga karon jikina na ba ni mace ce. In ta yaye, ki sai da uwar, ɗiyar ta zauna. Iri dai kada shi yanke.”

“Yaya, shekara guda ke nan kake faɗa. Azumi saura sati uku. In ya wuce ni, masu sayena sun koma gidan gaba, kuma ba sa dawowa. Me za mu ci?”

“To ki sai da wani abu.”

“Wane abu? Faɗa mini, in tashi in sayar yanzu.”

Ya san ɗakina. Kwallaye da tasoshin aurena sun daɗe da tafiya. Ya kuma san abin da na sani, cewa cikin nan ne zai sa kuɗinta ya kai na batir, in babu shi ba za ta kai ba.

“Maza biyun na yi shiru,” ya ce a hankali. “Wagga ba zan yi ba. Ba taki ba ce. Ni na shaida, kuma za a tambaye ni. Ki kira mai ita.”

A rugar waya ba ta kamawa sai an hau wani ɗan tudu kusa da tsamiya. Na hau ina haki. Ina danna lambar ina jin wani abu da ban gaya wa kowa ba sai yanzu: so nake ta hana ni. So nake ta ce Umma ban yarda ba, ta yi fushi, ta yi kuka, in koma in ce wa Malam da mai sola da firiza ai ba ni da iko, mai abu ta ƙi. Tun daga Dutsin-Ma na zo neman wanda zai riƙe mini hannu.

Ta ɗauka tana sauri, na ji hayaniyar mutane a bayanta. Na gaishe ta a taƙaice, na yi mata bayanin batir, na ce saniyarta ce kaɗai ta rage, kuma tana da ciki. Na ma faɗa mata na maza biyun, na ce ta yafe mini.

“Haba Umma, wace irin yafiya kuma? Ai ke kika ba ni. Wace ce ma? Baƙar nan mai dogon ƙaho?”

“Ja ce,” na ce.

“Au, to. Ki sayar mana, Umma. Ni me zan yi da saniya? Gara a gyara wutar kafin azumi, kin san Baba ba ya jure zafi. Umma ana kiranmu, zan kira ki anjima.”

Yarinyar kirki ce, ba ta faɗi abin da ba daidai ba. Ni na raine ta a gari, ni na kai ta ruga sau uku kacal a rayuwarta, kuma da kuɗin ƙanƙara ta kai inda take. Amma na tsaya a kan tudun nan da waya a hannu ina jin kamar an rufe ƙofa ta ƙarshe ina ciki. Na goge idona da bakin mayafi kafin in sauko.

“Ta yarda,” na ce wa Yaya.

“Ta yarda,” ya maimaita.

Bai kai ta kara da kansa ba, ya aika aka kira dillali. Dillalin ya zo da wani mutum daga wajen Kutawa, manomi mai neman saniyar da zai fara garke da ita. Mutumin ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa cikin, ya zagaya ta sau biyu, ya tambayi haihuwa nawa ta yi da yadda nononta yake. Ina zaune a bakin bukka ina kallon yadda mai hankali ke sayen abu. Aka yi ciniki aka sallama. Jar ta bi su ba gardama, sau ɗaya kawai ta waiwaya ta yi kuka, ba ni take kallo ba, garken take kallo.

Kafin in tashi Yaya ya je wurin dangwali ya tsugunna. Ya daɗe yana fama da wani ƙulli da ya shekara takwas yana shan rana da ruwa, har sai da ya sa haƙori. Ya kawo mini maɗaurin, ɗan guntun igiya da ya yi baƙi ya yi santsi saboda wuyan maruƙa. A nan aka ɗaure ja, a nan aka ɗaure 'ya'yanta biyu.

“Me zan yi da shi, Yaya?”

“Ni ma ban sani ba. Amma ba ni da abin da zan ɗaura a ciki.”

Aka kawo batura aka haɗa. Mai sola ya ce in ina zuba masu ruwa a kan kari, ban kuma bari suna ƙarewa ƙaf ba, za su yi mini shekara uku da yardar Allah. Malam ya ce Alhamdu lillahi, ya kunna fanka. Azumi ya zo da zafi mai tsanani, na yi ciniki, ba laifi. Na sa maƙeri ya ƙera mini asusun ƙarfe wanda ba shi da murfi, na rantse ba za a taɓa shi ba sai ranar batir. Bayan Sallah idon Malam ya rufe da yana, likita ya ce sai an yi aiki, na ɗauki asusun da kaina na mayar wa maƙerin ya yanka shi. Maɗaurin yana rataye a ƙusa sama da baturan. Ɗiyata ta zo hutu ta gan shi, ta tambaye ni ko igiyar shanya ce ta tsinke.

Da damina ta yi nisa Yaya ya zo ranar kasuwa. Ya fito da kwalbar man shanu ɗaya daga buhunsa, ya ce matarsa ce ta ce a kawo mini. A da kwalba biyu ne, kuma rabona ne, ba a cewa wani ya aiko. Na karɓa na yi godiya kamar yadda baƙuwa ke yi. Na kawo masa ruwan sanyi, ya riƙe kofin bai sha ba. Hadari ya haɗu tun safe, tsakar gidan ta yi duhu-duhu.

“Na gamu da mutumin Kutawa a kara,” ya ce.

Na zauna a gefen tabarma.

“Jar ta sauka lahiya.” Ya juya kofin a hannunsa. “Mace. Ya ce ja ce, kamar uwar. Wai ya ba ƙaramar ɗiyarsa.”

Na ce Allah ya raya, Allah ya sa albarka. Da gaske na faɗa. Can daga falo inbata ta fara ɗan kukanta, alamar rana ba ta isa ba yau, sai na ce wa Yaya ya yi haƙuri ina zuwa, na tashi na je na kashe fankar Malam don firiza ta samu.